Wariyar Addini A Filayen Wasannin Jami'o'in Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa idan muna hira a ɗakunan kwana mukan yaba wa jami'o'in Amurka bisa yadda suke ɗaukar wasanni da muhimmanci, har yaron da ubansa ba shi da ko sisi ya sami gurbin karatu kyauta saboda ƙarfin ƙafarsa ko iya jefa ƙwallonsa. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu musa ba. Amma ya kamata mu duba abin da ɗalibi Musulmi kan biya kafin ya ci wannan moriya, domin ba kuɗi kaɗai ake biya da shi ba.

A cikin shekarar 2005 aka kori waɗansu ɗalibai Musulmi daga ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa a Jami'ar Jihar New Mexico. Ɗaliban suka kai ƙara, suna zargin cewa mai horar da su yakan sa 'yan wasa su karanta addu'ar Kirista bayan atisaye, kuma ya riƙa yi wa ɗayansu tambayoyi game da Alƙa'ida. Jami'ar ta musanta laifi, amma a 2007 aka sasanta a kan dala 165,000. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci gurbin karatun ɗan wasa na shekara ɗaya ne, sai an sabunta masa. Watau mutumin da ke jagorantar addu'ar shi ne kuma ke riƙe da abincin yaro da karatunsa. To, wane yaro ne zai buɗe baki ya ce shi ba zai shiga ba? Ko da ba a tilasta kowa da baki ba, tilas ta riga ta auku.

Halin 'yan'uwanmu mata ya fi wannan tsanani, domin addininsu a bayyane yake a kansu. Bilkisu Abdulƙadir ta tara maki 3,070 a ƙwallon kwando tun tana sakandare a Jihar Massachusetts, abin da ba wani ɗalibi, namiji ko mace, da ya taɓa yi a jihar. Ta yi wa Jami'ar Memphis wasa, sa'an nan Jami'ar Jihar Indiana, ita ce kuma mace ta farko da ta buga a babban rukunin jami'o'in ƙasar da hijabi a kanta. Da ta gama a 2014 ta nemi shiga wasan sana'a a Turai, sai ta tarar dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai. Ba a ɗage dokar ba sai 2017, bayan ita da wasu sun yi ta fafutuka. Shekara uku ba kome ba ne ga ma'aikacin ofis, amma ga ɗan wasa su ne ganiyar ƙarfinsa, kuma ba mai mayar masa da su.

Masu kare irin wannan doka sukan ce don tsaron lafiya ne, kada mayafi ya shaƙe yarinya ko allura ta soki abokiyar karawarta. Mun yarda lafiya ba abin wasa ba ce. Sai dai wannan matsala ta tela ce, kuma teloli sun warware ta tuntuni. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ma ta amince da hijabin wasa tun 2014. Wa kuwa hijabin mai gudun famfalaki zai ji wa rauni? Duk da haka a 2019 aka soke sakamakon Nur Abukaram, yarinya 'yar shekara 16 a Jihar Ohio, bayan ta gama tseren kilomita 5, wai don ba a nemar mata takardar izinin rufe kai ba. A 2022 majalisar jihar ta yi doka don hana maimaita irin wannan.

A ganinmu ita wannan takardar izini ita ce gundarin maganar. Ba a rubuta "Musulmi kada ya shigo" a ƙofar kowane fili ba. An dai yanka dokokin ne daidai jikin wasu mutane, sa'an nan aka ce duk wanda rigar ba ta yi wa daidai ba ya je ya roƙi alfarma. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta san yadda ake girmama addini idan ta ga dama, tun da ta daɗe tana tsara gasarta yadda Jami'ar Brigham Young ba za ta buga ran Lahadi ba. Ba ma ƙyashin wannan, daidai ne. Tambayarmu kawai ita ce, me ya sa Juma'a da watan azumi ba sa samun ko rabin wannan kulawa?

Kada kuma a ce azumi ke rage ƙoƙari. A 2023 Adama Sanogo, mutumin Bamako, yana azumi ya taimaki Jami'ar Connecticut ta ci kofin ƙasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe. Amma bai kamata sai mutum ya zama zakara ba kafin a kawo masa dabino da ruwa a bakin fili. Ɗalibin da ke zaune a benci shi ma yana da wannan haƙƙi.

Mu ma nan gida kada mu yi saurin nuna yatsa. Kafin gasar NUGA ta gaba, muna kira ga sakataren wasanni na ƙungiyarmu ya zagaya ɗakunan 'yan mata ya tambaya, nawa ne cikinsu suka bar gudu da ƙwallo tun daga sakandare saboda gajeren wandon da aka ce dole su sa.