Ƙwaƙwalwar mota: aibin da maƙera suka rubuta da hannunsu

A wannan mako filinmu zai leƙa cikin mota, domin wata magana da ta dami direbobin Bengu da makanikan Gaya, wato fitilun gargaɗi da kan kunnu gaba ɗaya a gaban direba, mota ta ƙi tashi, alhali inji lafiya lau, mai kuma cike da tanki.

Shekaru da dama motocin da aka gama yayinsu a Turai sun yi ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su hauro ta Malanbil, su ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya. Da su ne manomin Dallol Mawri ke fitar da rake da shinkafa da muruci zuwa kasuwa, da su ake kai mai naƙuda likita cikin dare. To amma motar yau ba Peugeot 504 ba ce, wadda makanike kan gane ciwonta da kunne. A cikinta akwai ƙananan ƙwaƙwale masu yawa, ɗaya na kula da inji, ɗaya birki, ɗaya allon direba, kuma dukkansu suna zance da juna ta kan wayoyi biyu tak da aka murɗe kamar igiya.

Wannan hanyar zance sunanta CAN. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara aikinta a 1983, ya bayyana ta a 1986 a birnin Detroit na Amurka, Mercedes kuma ta sanya ta cikin babbar motarta a 1991. Tsarinta kamar zaman fada ne: kowane saƙo yana da lamba, in biyu suka buɗe baki lokaci guda, mai ƙaramar lamba shi ne babba, ɗayan sai ya yi shiru ya jira. Saƙo ɗaya kuwa ba ya wuce okte 8, wato kamar haruffa 8.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, waɗanda suka ƙera wannan abu ba su taɓa cewa ba shi da aibi ba. Da yawa daga guntayen lantarki da ke cikin ƙwaƙwalwar mota suna fitowa da wata takarda mai suna errata, kalmar Latin da masu buga littafi ke amfani da ita wajen jera kurakurai. A ciki kamfani kan rubuta inda kayansa ke tuntuɓe, da dabarar kauce wa wurin. Ga misali, sashen zance mai suna FlexCAN, na kamfanin Freescale wanda NXP ya saye a 2015, an gano cewa idan aka ɗora masa saƙo daidai wani ɗan lokaci da yake tantance wanda zai fara magana, saƙon na iya maƙalewa bai fita ba. Tun da ba a iya gyara guntun da ya riga ya shiga kasuwa, sai kamfanin ya umurci masu rubuta manhaja su bar akwatin saƙo na farko fanko, kuma duk lokacin da suka ɗora saƙo su rubuta wa wannan akwati alamar hutu sau biyu, domin tantancewar ta sake farawa. Haka nan sabon tsarin CAN FD da Bosch ya fitar a 2012, mai ɗaukar okte 64, an gano rauni a lissafinsa na kama kuskure, aka gyara shi cikin ƙa'idar ISO ta 2015, har ya zamanto na farko da na biyu ba su jin yaren juna.

Akwai kuma iyakar da ke cikin tsarin kansa, ita ce ma ta fi shafarmu. Kowace ƙwaƙwalwa tana ƙidaya kurakuranta. In ta aika saƙo ya lalace, sai ta ƙara 8 a lissafi, in ya isa lafiya ta rage 1. Da zarar lissafin ya wuce 255, sai ta tsame kanta daga zance, don kada ta hana sauran magana. Ke nan kuskure 32 a jere sun isa su rufe mata baki. Wannan hikima ce, amma ga inda gizo ke saƙar: ƙwaƙwalwar da ta yi shiru ba lalle ita ce mai laifi ba. Ruwan fadama da ya shiga mahaɗar waya da damina, ko ɓera da ya gaigayi waya a mota mai kwana kusa da rumbu, ko batir da ya raunana, ko rediyo da aka jona a kan wayar da ba tasa ba, kowanne na iya jawo haka. Sai makanike ya jona na'urar bincike, wadda Faransawa ke kira valise, ta ce ƙwaƙwalwar birki ba ta amsawa, shi kuwa ya yanke hukunci cewa ta ƙone. Mai mota ya sayar da buhunan shinkafarsa ya aika Yamai ko Kamba a sayo wata, a ɗaura, ciwo yana nan inda yake. Rufe gadar Gaya da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya nuna mana irin wuyar da neman kayan gyara ke iya yi wa talaka.

Alhali gwajin farko ba ya cin ko dala. A kowane ƙarshe na wayoyin nan biyu akwai ɗan abin tare wuta mai om 120. In aka cire batir, aka sa ma'aunin lantarki tsakanin rami na 6 da na 14 na mahaɗar bincike da ke ƙarƙashin sitiyari, lafiyayyar hanya kan nuna kusan om 60. In ta nuna 120, waya ta tsinke ko ƙarshe ɗaya ya fita. In ta nuna kusan sifiri, wayoyin sun haɗe. Sai dai a wasu sababbin motoci akwai ƙwaƙwalwa mai tsaron ƙofa tsakanin mahaɗar da sauran hanya, a nan dole a nemi zanen wayoyin motar.

Makanikanmu ba su rasa basira ba, kowa ya shaida. Bambancin dabararsu da ta masu ƙira shi ne, waccan a rubuce take, an san dalilinta, an san iyakarta. Tamu kuwa sau da yawa ita ce a cire ƙwan fitilar gargaɗi ko a liƙe ta da baƙin salatif, mota ta tafi da birkin da ba ya jin zancen kowa. Rufe ido ba ya hana ganin gari ya waye.

Saboda haka muna kira ga cibiyoyin koyon sana'a na jihar Doso da su sanya wannan darasi cikin karatun makanikai, a kuma juya muhimman bayanansa da Hausa da Zabarmanci. Su kuma shugabannin garaji su ajiye littafi, duk ciwon da aka gano da maganinsa a rubuta, domin yaran da ke tasowa. Mai mota kuwa, kafin ya biya kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa, yana da haƙƙin ya tambayi abin da ma'auni ya nuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.