A Daina Ganin Laifin Charlotte Lucas

Da safe Mista Collins ya nemi a bar shi da Elizabeth Bennet su kaɗai a ɗaki, ya shiga jero mata dalilan da suka sa yake neman aure. Shi limamin coci ne, ya kamata ya zama abin koyi. Uwar ɗakinsa, Lady Catherine de Bourgh, ta ce ya yi aure. Kuma tun da shi zai gaji gidan da Elizabeth take ciki ranar da mahaifinta ya kwanta dama, ya ga ya kyautu ya ɗauki ɗaya daga cikin 'yan matan gidan. Daga nan ya kawo lissafi: ya san iyakar abin da za ta samu fam 1,000 ne, mai kawo kashi 4 cikin 100 a shekara, shi ma sai bayan ran mahaifiyarta. Fam 40 ke nan a shekara. Elizabeth ta ce ba ta so. Kafin kwana uku su cika ya kai wa aminiyarta Charlotte Lucas irin wannan buƙata, ita kuwa ta amsa nan take.

Tun da Jane Austen ta fitar da littafin Pride and Prejudice a 1813, masu karatu suke jinjina wa Elizabeth suna taɓe baki a kan Charlotte. Jinjinar tana kan hanya, amma taɓe bakin zalunci ne. Wanda ya karanta tsofaffin littattafan Ingila a matsayin labarin yadda so ke kayar da dukiya ya tsallake rabin abin da aka rubuta, domin marubutan nan, musamman matan cikinsu, sun ƙirga kuɗin kowa dalla-dalla don a ga abin da mace take biya idan ta ce a'a.

Sai an san dokar zamanin ake gane nauyin maganar. A Ingilar lokacin, da zarar an ɗaura wa mace aure, doka ta daina ganinta a matsayin mutum mai zaman kansa. Alƙali William Blackstone ya bayyana haka a littafinsa na 1765: miji da mata mutum ɗaya ne a gaban shari'a. Kuɗinta da kayanta da ladan aikin hannunta duk na miji ne, sai fa idan danginta masu hali ne sun ɗauko lauya ya killace mata wani abu kafin aure. Raba aure kuwa, kafin 1857 sai Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman a kan mutum, kuma mata huɗu kacal suka taɓa samun haka. Mai karatu da ya tashi inda sadaki na amarya ne, dukiyar mace tata ce ko tana da aure, 'ya mace kuma tana da kasonta a gado, zai ji abin banbaraƙwai. Amma a kan wannan ƙasa aka gina labaran.

Gidan Bennet yana kawo fam 2,000 a shekara, sai dai kakanni sun ɗaure shi da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gadonsa, ga shi Allah ya ba su 'ya'ya mata biyar. Ana yawan yi wa uwar 'yan matan dariya saboda surutunta da rawar kanta a kan duk saurayi mai kuɗi da ya sauka a unguwa. Surutun gaskiya ne, kuma yana kunyata 'ya'yanta. Duk da haka ita kaɗai ce a gidan ta ɗauki matsalar da muhimmanci. Maigidan, wanda masu karatu ke so saboda iya zance, ya shafe fiye da shekara ashirin bai yi wa 'ya'yansa tanadi ba, yana jiran ɗa namiji da bai zo ba, ya shige ɗakin littattafansa ya rufo ƙofa.

To, ita Charlotte shekarunta 27, ba a taɓa kiranta kyakkyawa ba, gidansu cike yake da ƙanne, kuma babu wani abin kirki da za a ba ta. Idan ba ta yi aure ba, za ta tsufa a hannun 'yan'uwanta maza, su ci da ita ko suna so ko ba sa so. Ba ta yaudari Collins ba, ba ta kuma yaudari kanta ba. Ta san wautarsa, ta ga da babu gara ba daɗi. Da Elizabeth ta kai mata ziyara gidan aurenta a Hunsford, sai ta tarar Charlotte ta zaɓi wani ɗaki na bayan gida ta mai da shi wurin zamanta, ta bar wa mijin mai kallon hanya don kada ya riƙa faɗo mata. Tana ƙarfafa masa gwiwa ya yini a lambu, ita kuma tana fama da kajinta da hidimar gidanta. Duk wanda ya karanta wurin da zuciya ɗaya zai ji tausayi da girmamawa tare. Mace ce mai basira da aka toshe wa kowace ƙofa sai guda, ta shiga, ta gyara wurin iya ƙarfinta.

Austen ta san wannan zaɓi a jikinta. A watan Disamba na 1802, tana dab da cika shekara 27, Harris Bigg-Wither, magajin wani katafaren gida da ake kira Manydown, ya nemi aurenta. Ta amince da dare, gari na wayewa ta janye. A 1805 mahaifinta ya rasu, ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka koma dogaro da abin da 'yan'uwa maza suka tara musu, suna yawon gidajen haya da na dangi, har 1809 da yayanta Edward ya ba su ɗan gida a ƙauyen Chawton. Haƙƙin mallakar Pride and Prejudice fam 110 ta sayar da shi. Ta rasu a 1817 tana da shekara 41, ba ta yi aure ba. Matar da ta ɗanɗani kuɗin ƙin aure haka ba za ta zana Charlotte don a raina ta ba.

A kuma duba yadda ake biyan kuɗin kyakkyawan ƙarshe. Elizabeth ta ƙi Collins, ta kuma ƙi Darcy a karon farko saboda ya haɗa neman auren da gorin danginta, wannan jarumta ce ta gaske. Amma shi Darcy ɗin, wanda ta aura daga baya, yana samun fam 10,000 a shekara, ninki 250 na abin da za ta rayu da shi da ta zauna babu aure. Ƙanwarta Lydia da ta gudu da Wickham, kuɗin Darcy ne suka biya basussukan saurayin, suka saya masa muƙami a soja, sannan aka samu aka ɗaura auren da ya rufa wa gidan asiri. A littafin Persuasion na Austen, an hana Anne Elliot auren Wentworth tana da shekara 19 saboda ba shi da komai. Bayan shekara takwas ya dawo da fam 25,000 na ganimar jiragen ruwa da ya kama a yaƙi, sai hanya ta buɗe. Soyayyar ba ta canja ba a tsawon shekarun nan, aljihunsa ne ya canja.

Charlotte Brontë ta fi kowa fito da abin fili a Jane Eyre na 1847. Jane marainiya ce, tana koyar da yarinya a gidan Rochester a kan fam 30 a shekara. Da ya nemi aurenta ya kai ta kanti zai lulluɓe ta da alharini da gwala-gwalai, sai ta ji ranta ya ɓaci, domin ta ga ana shirin mai da ita abin da aka saya. Ranar ɗaurin aure aka gano yana da mata a kulle a saman bene. Ya roƙe ta ta zauna da shi haka nan, ta ƙi, ta fice da asuba, sule 20 da ke hannunta ta ba mai keken doki. Ta kwana a daji, ta yi bara ƙofa-ƙofa, har ta roƙi wata yarinya sanyayyen fate da za a zuba wa alade. Ba ta koma wurin Rochester ba sai da ta gaji fam 20,000 daga wani ɗan'uwan mahaifinta a tsibirin Madeira, ta raba da 'yan'uwanta uku ta riƙe 5,000, shi kuma gidansa ya ƙone, ya rasa hannu ɗaya da ganinsa. Brontë ba ta yarda ta haɗa su ba sai da ta ɗaga ɗaya ta sauke ɗaya.

Akwai abin da bai kamata mai karatu ɗan Afirka ya wuce ba. Matar da ke kulle a benen, Bertha Mason, daga Jamaika aka auro ta saboda fam 30,000 da za ta zo da su, a zamanin da arzikin tsibirin ya dogara da gumin bayi a gonakin rake. A Mansfield Park na Austen ma, maigidan yana da gonaki a Antigua. Wani ɓangare na kuɗin da ke ƙawata aure a waɗannan littattafai daga can yake fitowa.

Ɗaliban da suka zana jarrabawar adabi ta WAEC daga 2021 zuwa 2025 sun haɗu da mafi zafin misali a Wuthering Heights na Emily Brontë. Catherine tana son Heathcliff, tsintaccen yaron da mahaifinta ya ɗauko daga titin Liverpool, amma yayanta Hindley ya mai da shi ɗan aikin gona. Ta zaɓi Edgar Linton mai gida da suna, tana tunanin za ta yi amfani da kuɗin mijin ta ɗaga Heathcliff, ta manta kuɗin ba nata ba ne. Heathcliff ya ɓace shekara uku ya dawo da dukiya, kuma makamin da ya rama da shi ita ce dokar nan: ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, daga baya ya tilasta wa 'yar Catherine auren ɗansa, har gidajen biyu suka dawo hannunsa. Masu karanta littattafan soyayya na Kano sun san wannan damuwa ta wata fuska. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a kan 'yar masu kuɗi da saurayi talaka aka gina shi.

Dokar ba ta sauya don kanta ba. Caroline Norton, marubuciya ce da ta auri George Norton a 1827. A 1836 ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, ya kuma kai Firaminista Lord Melbourne kotu yana zarginsa da neman matarsa. Ya faɗi shari'ar, amma Caroline ba ta samu saki ba, ba ta samu 'ya'ya ba, kuma kuɗin da littattafanta suka kawo doka ta ce nasa ne. Ta ɗauki alƙalami ta dami 'yan majalisa har aka yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon ƙananan 'ya'yanta, ta kuma sa hannu a gwagwarmayar da ta haifar da dokar saki ta 1857. A 1870 aka bar wa matar aure ladan aikinta. Cikakken ikon mallakar dukiyarta kuwa sai a 1882 ya tabbata, shekara biyar bayan rasuwar Caroline, shekara 69 bayan fitowar littafin da Charlotte Lucas ta amsa wa Collins a cikinsa.