Wa Ya Raɗa Wa Kuɗin Mutane Suna x?

Bahaushe ba ya wasa da suna. Ka ji Talatu, ka san ranar da aka haife ta. Ka ji Tanko, ka san mata ne suka riga shi zuwa. Amma ɗan gidan nan, da zarar ya zauna rubuta manhaja, sai ya raɗa wa mazubin da kwamfuta ke ajiye kuɗin mutane a ciki suna x. Na biyu x2. Ka yi magana, ya ce ai tana aiki.

Tana aiki a hannun wa? Bara aka kawo mini gyaran manhajar wani dillalin dabbobi da ke cin kasuwar Maigatari. Duk wanda ya san Alhamis a can ya san kuɗi iri biyu ke yawo, naira da sefa. Wanda ya fara rubutun ya kira ɗaya k, ɗayan k1, ya kama gabansa. Wani ya zo daga baya ya tara su wuri guda kamar gero da gero. Lissafi ya ƙi fita, dillali ya ɗora wa yaronsa sata, ya sallame shi. Kwana uku na yi ina tono kafin na gano. Da an rubuta farashi_naira da farashi_sefa, ko makaho da lalube zai kama kuskuren.

Masu kare wannan lalaci suna cewa gajeren suna ya fi sauri. Na zamanin Fortran 77 suna da hujja, don harafi shida aka yanke musu. Kai wa ya yanke maka? Python 3, tun 2008, ko ƙ da ɗ da ɓ ka sa a suna za ta karɓa. Ban ce dole sai da Hausa ba. In abokan aikinka a Legas suke, rubuta da Turanci, amma sunan ya faɗi abin da ke ciki da ma'auninsa: tiya ce ko buhu, naira ce ko sefa.

Kuma ba ƙananan masu rubutu kaɗai ma'auni ke kayarwa ba. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda manhaja ɗaya ta ba da lamba da ma'aunin fam, ɗayar ta karanta da ma'aunin niyuton.

NASA ta kafa kwamitin bincike. Yaron dillali kuwa an maido shi bakin aiki, amma har yau ba wanda ya ba shi haƙuri.