Daga Bakin Allo: Likitan Da Bai Jira Ya Yi Arziki Ba

A watan jiya muna zaune a ofishin malamai, albashi ya makara, kowa na lissafin bashin da ke kansa, sai aka kawo maganar wata yarinya 'yar aji huɗu da ta faɗi wajen taron safe saboda ba ta karya kumallo ba. Wani abokin aikinmu ya ce, "Malam, bari mu fita daga tamu matsalar tukuna, sannan mu duba ta wani." Ban ga laifinsa ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Amma da na koma gida sai na tuna da marigayi Dokta David Abdulai na Tamale.

Wannan bawan Allah ɗan talakawa ne na ƙarshe. Mahaifinsa kuturu ne, kuma cikin 'ya'ya 11 da aka haifa a gidansu shi kaɗai ya rayu, sauran talauci da cuta suka kwashe su. Da yunwa ya yi karatu har Allah ya sa ya zama likita. To, wanda ya fito daga irin wannan hali, ai kowa zai ce ya kama aikin gwamnati ya gina gida ya huta. Shi kuwa sai ya ajiye albashi, ya buɗe asibitin Shekhinah a unguwar Gurugu cikin 1991, inda ba a karɓar ko kwabo daga hannun majiyyaci. Cikin 1992 ya fara dafa abinci ana bi titi-titi ana raba wa masu taɓin hankali da waɗanda dangi suka yasar, fiye da mutum 100 a kowace rana, har mutanen gari suka sa masa suna "mahaukacin likita". A 1999 ya ƙara buɗe wani asibitin a Wamale.

Dokta Abdulai Kirista ne ɗan Katolika, kuma bai ɓoye cewa imaninsa ne ya sa shi wannan aiki ba. Amma Tamale gari ne na Musulmi galibi, don haka da yawa daga cikin waɗanda suka ci abincinsa, suka sha maganinsa, 'yan uwanmu ne masu salla. Asibitin ba shi da wata taska, da gudummawar jama'a yake tafiya. Ofishin jakadancin Amurka a Accra ya ba shi lambar yabo ta Martin Luther King a 2012. Ciwon sankara na maƙogwaro ya kama shi, ya rasu ran 2 ga Oktoba, 2016, kuma aikin bai mutu tare da shi ba.

Abin da nake so mu lura da shi ke nan: da ya ce sai ya gama da tasa wahalar, da har ya koma ga Ubangijinsa bai ciyar da mutum ɗaya ba. Wahalar ma ita ta koya masa gane fuskar mai jin yunwa. Mu mutanen zango mun san baƙunci, mun san haya, mun san ranar da tukunya ba ta hau murhu ba. Ashe mu ya kamata mu fi kowa saurin ganewa.

Ba na ce kowa ya buɗe asibiti ba. Mu dai a makarantarmu, malamai shida, Musulmi da Kirista, mun yi shawara kowa ya ɗauki rana ɗaya ya biya wa yarinyar nan koko da ƙosai. Abokin nan nawa shi ya ɗauki Litinin, alhali har yau bai gama biyan kuɗin haya ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kai mai karatu, duba gidan da ke kusa da naka. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.