Dutsen da Ya Rufto a Tafkin Furnas

Ranar Asabar, 8 ga Janairu, 2022, a tafkin Furnas, kusa da garin Capitólio na jihar Minas Gerais a ƙasar Barazil, wani ɓangaren dutse, dogo kamar hasumiya, ya rabu da jikin tsaunin da yake manne da shi, ya kifo kan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, mutum goma suka riga mu gidan gaskiya, dukkansu kuwa cikin jirgi guda.

Ko da yake ajali ba ya jinkiri, abin da ya tsaya mana a rai shi ne dutsen bai auko bagatatan ba, domin waɗanda ke ɗan nesa sun ga tsakuwa tana zubowa, sun ga tsaga tana buɗewa a jikin tsaunin, har suka yi ta kururuwa a ja da baya, amma kafin matuƙa su kauce al'amari ya riga ya wakana. Tafkin nan kuwa ba halittacce ba ne: madatsa aka gina a kan kogin Grande, ruwa ya cika kwazazzabai, ya shekara kusan sittin yana lasar gindin duwatsun, sa'an nan mamakon ruwan sama na makonnin da suka gabaci ranar ya ratsa tsagoginsu.

Bayan musibar hukuma ta wajabta sa hular kwano da binciken masana duwatsu kafin jirage su shiga. Binciken muka fi yabawa, illa dai hakkinsa ne a fara shi tun ranar da aka soma karɓar kuɗin mutane ana kai su gindin tsaunin.