Kira ga Mai Girma Ministan Lafiya kan masu son barin giya

Ranka ya daɗe,

Kukana a kan wasu bayin Allah ne da suka gaji da shan giya, suna son bari, amma sun rasa inda za su dosa.

Da yawansu tura su aka yi. A tasha, yaron mota yana kallon ubangidansa ya tsotse 'yar ledar giya kafin a ɗau hanya, a ce masa ai maganin basir ne da ciwon baya. A majalisa kuwa, wanda ya ce ya ƙoshi sai a yi masa ca: "Yaushe ka zama ustaz? Ɗan kurɓa mana!" Ran da ya tuba, abokan sai su watse, ga kunyar faɗa wa na gida.

Tun 2018 aka yi yarjejeniya da kamfanoni cewa za a daina zuba giya a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin, sai aka shiga jan ƙafa. Muna roƙon a tsaya a kai, domin arahar ledar nan ce ke kai ta aljihun ɗan makaranta.

Babbar damuwata ita ce jinya. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya yanke dare ɗaya, hannu zai kama rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Cikin kwana biyu zuwa uku wani har jijjiga da gane-gane yake yi, kuma hakan na iya kisa. Dangi su ce iska ce, a kai shi gidan mari a sa masa sarƙa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware da Maiduguri suna ƙoƙari, amma sun yi wa talakan ƙauye nisa, kuma mutane na tsoron a gan su a ƙofarsu.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba ku madafa. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya karɓar irin wannan mutum cikin sirri, a tanadi maganin da ke kwantar da jijjigar, a kuma sanar a rediyo cewa likita na duba mai son bari ba tare da tozarci ba.

Allah ya yi maka jagora, ranka ya daɗe. A duba mana.