RA'AYI: Gwiwar ɗan dakon Shasha da hoton da ya fi ƙarfin aljihunsa

Duk tirelar da ta taso daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Kebbi ɗauke da tumatir, albasa da tattasai, idan ta isa Kasuwar Shasha da ke Ƙaramar Hukumar Akinyele a Ibadan, da ƙarfin ɗan Adam ake sauke ta. Matasa ne ke hawa, su saɓa buhu ko su ɗora kwando a ka, su sauko kan ƙasar da ruɓaɓɓen tumatir da ruwan damina suka mayar santsi. Dukkan nauyin nan a kan gwiwa yake ƙarewa. Ɗan dako ba shi da shago, ba shi da fansho, gwiwarsa ita ce jarinsa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da shugabannin kasuwa, da masu ɗori, da hukumomin lafiya za su ɗauki raunin gwiwa da muhimmanci, su kuma share wa talaka hanyar samun hoton MRI a lokacin da likita ya ce ba makawa sai an yi.

Matsalar daga baki take farawa. Idan mutum ya faɗi, kalmomi uku muka fi sani: karaya, gocewar ƙashi da targaɗe. Muddin ƙashi bai karye ba, bai kuma goce ba, sai a ce targaɗe ne, a murza, a ɗaure, a ce ya yi haƙuri. Amma a ƙarƙashin kalmar targaɗe akwai raunuka masu bambancin girma, daga wanda kan warke cikin mako biyu zuwa wanda kan raba mutum da sana'arsa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ne ke hana gwiwa karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiya, sun gitta juna, su ne ke hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. A tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke aikin matashi. Jijiyar gefe ta ciki, idan ta yage, yawanci takan warke da hutu da ɗaurin da ya dace, ba tare da tiyata ba. Ta tsakiya ta gaba kuwa, wadda likitoci ke kira ACL, idan ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe da kanta. Takan tsinke ne idan tafin ƙafa ya kafe a ƙasa jiki ya juya, ko mutum ya diro daga bisa ya sauka a karkace. Sau da yawa mai raunin kan ji ƙara kamar an tsinka igiya, gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Bayan makonni kumburi ya saɓe, zafi ya ragu, ya ɗauka ya warke. Sai ranar da ya ɗauki buhu gwiwa ta lanƙwashe masa ba zato. Kowace irin wannan lanƙwashewa tana iya ƙara yaga guringuntsi, ta kusanto da ciwon gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Ko wanda ya daure ya je asibiti yana iya faɗawa wani tarko. Akan tura shi hoton ƙashi, sakamako ya fito babu karaya, ya koma kasuwa yana murna. Hoton ƙashi bai yi ƙarya ba, ƙashi yake gani, jijiya da guringuntsi kuwa ba su fitowa a cikinsa. Nan ne MRI ke da fifiko. Na'urar tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin gaske da igiyoyin rediyo, tana karanta ruwan da ke cikin tsoka da jijiya, ta fitar da hoton gwiwa yanka-yanka. Babu irin hasken hoton ƙashi a cikinta, kuma na gwiwa galibi ba ya buƙatar allura. Mutum kan kwanta shiru na kimanin rabin sa'a, ba abin da zai dame shi sai ƙarar na'ura. Abin kiyayewa shi ne ƙarfe: a cire laya, zobe, wuƙa da waya, a kuma sanar da ma'aikata idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki. Saboda amfanin wannan fasaha aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield kyautar Nobel a 2003.

Masu kallon ƙwallo a gidajen kallo na Sabo da Shasha sun san wannan rauni ko da ba su san sunansa ba. Shi ne ya samu Rodri na Manchester City a wasansu da Arsenal a watan Satumbar 2024, har ya karɓi kyautar Ballon d'Or da sandunan dogarawa. Cikin 'yan kwanaki aka san abin da ya same shi, aka yi masa aiki. Jijiyar da ke gwiwarsa ita ce a gwiwar mai sauke albasa, bambancin kawai shi ne ɗan dako kan yi shekaru yana ɗingishi bai san me ya tsinke ba.

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Ba kowane ciwon gwiwa ne ke buƙatar MRI ba, kuma aljihun talaka ba wurin gwaji ba ne. Ƙwararren likitan ƙashi yana iya gano tsinkewar jijiya da hannunsa, ta hanyar riƙe cinya ya jawo ƙwauri ya ji ko akwai sako-sako. Hoton ma yana iya nuna abin da ba shi ne ke ciwo ba. Wani bincike da aka yi a Framingham ta Amurka, aka buga a 2008, ya duba gwiwoyin mutane masu shekara 50 zuwa 90, ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ga yagewar guringuntsi a hotonsu ba su yi fama da wani ciwon gwiwa ba a watan da ya gabata. Haka nan ba duk wanda jijiyarsa ta tsinke ne sai an yi masa tiyata nan take ba. A wani binciken na ƙasar Suwidin da aka buga a 2010, fiye da rabin matasan da aka fara da ba su horon ƙarfafa tsoka ba su kai ga tiyata ba cikin shekara biyu. Don haka tsarin da ya dace shi ne likita ya fara dubawa, hoto ya biyo baya idan sakamakonsa zai sauya irin maganin da za a yi. Wanda ya kai kansa wurin ɗaukar hoto ba tare da ganin likita ba, yana iya sayen takardar da ba za ta amfane shi da komai ba.

Masu ɗori su ne ƙofar farko da jama'armu ke ƙwanƙwasawa, saboda suna kusa, suna jin harshenmu, suna kuma karɓar abin da ya sawwaƙa. Ba raina gadonsu nake yi ba. Amma babu murza ko tofi, babu ƙaho ko sakiya, da za su ɗinke jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa kan ɗauri mai tsanani da ke tsayar da jini har a kai ga yanke ƙafa. Darajar maɗori tana ƙaruwa ne ranar da ya ce wa mara lafiya wannan ya wuce hannuna, tafi asibiti. Ya kamata a zauna da su a koya musu alamomin nan: kumburi mai sauri bayan faɗuwa, kasa taka ƙafa, gwiwar da ta maƙale ba ta miƙewa, da wadda ke lanƙwashewa da kanta. Ƙafar da ta yi sanyi ko ta mutu kuwa, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Asibitin Koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, bai da nisa da Sabo, amma kusancin ƙafa bai zama kusancin aljihu ba. Mai cin abincin yau daga dakon yau ba zai iya biyan hoto, da ganin likita, da watannin gashi ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916, kasuwancin goro da shanu na Hausawan Ibadan a kan amana da taimakon juna ya ginu. Bayan rikicin watan Fabrairun 2021, da aka rasa rayuka aka ƙona shaguna a Shasha, an ga yadda jama'a ke iya haɗa hannu idan masifa ta zo gaba ɗaya. Raunin gwiwa masifa ce mai zuwa ɗaiɗai, shi ya sa ba a ganin ta. Ƙungiyoyin dillalai da na masu lodi, ƙarƙashin jagorancin fadar Sarkin Sasa, suna iya ware wani ɗan ƙaramin kaso daga kowace mota da aka sauke, a zuba a asusun jinyar ma'aikata, da littafi a buɗe wanda kowa zai iya dubawa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jihar Oyo kuma tana da hukumarta, OYSHIA. A shiga a ƙungiyance, amma kafin a sa hannu a nemi bayani a rubuce kan abin da shirin zai biya na hoto, tiyata da gashi.

Gwamnati ma tana da nata kason. Maganaɗisun manyan na'urorin MRI sai an riƙe shi cikin matsanancin sanyi dare da rana, abin da ke buƙatar wuta tsayayya. Daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, UCH ya shafe watanni a yanke daga layin kamfanin rarraba wutar lantarki saboda taƙaddamar bashi. Sayen na'ura a yanke ƙyalle abu ne mai sauƙi, riƙe ta tana aiki shi ne jarrabawar. Haka kuma a samar da tafinta da ma'aikacin gashi da zai riƙa ziyartar kasuwa, domin hoto ba tare da horon tsoka ba rabin magani ne.

Tumatirin da ake miya da shi a gidajen Ibadan bai iso tukunya ba sai da ya bi ta kan wuyan wani matashi da gwiwarsa. Waɗanda ke cin ribar wannan ɗauka, 'yan kasuwa da hukuma, su ya kamata su fara tambayar yadda za a yi da shi ranar da gwiwar ta gaza.